Fascinated, enchanted da danginsu: burgewa ce ko sihiri?

Mai Fassara, Kano:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. An ba ni aikin mayar da wani ɗan littafin horar da malaman firamare daga Turanci zuwa Hausa, kuma a babin da yake magana a kan yadda ake karanta wa yara labari, marubuciyar ta yi amfani da kalmomi har biyar: fascinated, enchanted, captivated, spellbound da mesmerized. Da na gama zubin farko na dawo ina bita, sai na tarar a duk wuraren biyar na rubuta "ya burge su", wanda ya sa babin ya zama kamar miyar da ba a sa mata gishiri ba. Na buɗe ƙamus domin in sami mafita, sai ya ƙara ɗaure mini kai, saboda ma'anar da ya ba enchant ta haɗa da yi wa mutum sihiri, kuma ba zai yiwu in rubuta wa malaman firamare cewa su sihirce 'ya'yan mutane ba. Shin akwai bambanci na gaske a tsakanin waɗannan kalmomi, ko kuwa marubuciyar tana gudun maimaici ne kawai?

Tsohon Malamin Turanci, Zariya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙamus ɗin bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya faɗa miki farkon labari ya bar ƙarshensa. Da yawa daga cikin kalmomin da Bature yake amfani da su idan abu ya ɗauke masa hankali sun fito ne daga ɗaya cikin wurare biyu, ko dai daga sihiri ko daga kamu da bauta, kuma idan kika san gidan da kowace ta fito za ki fi gane halinta na yau.

Fascinate daga Latin take, inda fascinum yake nufin sammu da abin da mu muke kira kambun baka ko mugun ido, haka kuma yake nufin layar da Rumawa suke rataya wa yara domin kare su daga hakan. Lokacin da kalmar ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16, ma'anarta ita ce a kafe mutum da kallo har ya kasa motsi, shi ya sa Turawan da suke cewa maciji yana fascinate ɗin tsuntsu kafin ya kama shi. Ma'anar maita ta mutu tuni, amma kafewar nan tana nan: wanda yake fascinated ya kasa kau da idonsa ko tunaninsa, ko abin yana da daɗi ko ba shi da shi. Enchant kuwa da charm waƙa ce asalinsu. Ta farko daga incantare take, wato a rera wa mutum wani abu, ta biyu daga carmen, wato waƙa ko baiti, kuma dukkansu sun shiga Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarnonin da suka biyo bayan cin Ingila da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi a 1066. Abin da ake nufi a lokacin shi ne surkullen da boka yake rerawa, kuma har gobe charm tana nufin laya. Abin da ya rage a cikinsu yanzu shi ne daɗi da taushi, domin ba a cewa mutum yana enchanted sai da abin da ya faranta masa rai.

Captivate 'yar'uwar captive ce, wato kamamme ko fursuna, enthrall kuma daga thrall take, tsohuwar kalmar mutanen arewacin Turai mai nufin bawa. Saboda haka marubuciyarki ba maimaici kaɗai take gudu ba, tana hawa tsani ne daga sha'awa zuwa kamuwa.

Almajirin Ilimi, Sakkwato:

Allah ya saka wa Malam da alheri, na ƙaru ƙwarai. Amma bayanin nan ya tayar mini da wata damuwa wadda nake ganin ta fi ta fassara girma. Idan har asalin waɗannan kalmomi sihiri ne da tsafi, ya dace Musulmi ya riƙa cewa "I am enchanted" ko ya kira 'yarsa charming? Mun san matsayin sihiri a addini, yana cikin manyan zunubai masu halakarwa, kuma harshe yana saba wa zuciya da abin da ake yawan furtawa. Ni a ganina, tunda Turanci yana da interested da impressed da delighted, waɗanda ba su da wannan dauɗa, babu abin da ya tilasta mana ɗaukar masu ita. 'Yar'uwa Mai Fassara kuma ta ci gaba da "burge", ba ta yi asarar komai ba.

Ɗalibin Nazarin Harshe, Katsina:

Da girmamawa ga Malam na Sakkwato, ban yarda da wannan ba, kuma ina ma da ɗan ja da Baba na Zariya a kan nauyin da ya ɗora wa asali. Ma'anar kalma ita ce abin da masu harshen suke nufi da ita a yau, ba abin da kakanninsu suka nufa shekara ɗari biyar da suka wuce ba. Mu duba namu harshen. Saurayi yakan ce wance ta tafi da imaninsa, kuma babu wanda ya taɓa kai shi gaban alƙali da tuhumar ridda, domin kowa ya san kyanta yake yabo. Mukan ce wane yana da farin jini alhali ba mu nufin ya sha wani magani, mukan ce mawaƙi ya kashe mu alhali muna raye muna tafa masa. Idan Bahaushe ya yarda wa kansa irin wannan, bai kamata ya hana Bature ba.

Kuma akwai kalmomin da idan aka bi asalinsu sai a rasa inda za a tsaya. Spell, wadda take cikin spellbound, a tsohon Turanci labari ko zance kawai take nufi, ita ce ma take cikin gospel, sunan Linjila a Turanci, wato labari mai daɗi, sai daga baya ta koma nufin kalmomin da matsafi yake furtawa. Glamour, wadda yau ake jingina wa 'yan fim da masu tallar kaya, mutanen Scotland ne suka lanƙwasa grammar, wato nahawu, suka mayar da ita sihirin rufa ido, saboda a zamanin da yawancin jama'a ba su iya karatu ba ana zargin mai littafi da sanin asirai, kuma marubuci Walter Scott ne ya yaɗa ta a cikin Turancin adabi. To wanne ne asalin da za mu riƙe, nahawun ko sihirin? Idan muka ce za mu guje wa duk kalmar da ta taɓa kwana a gidan boka, nahawu ma sai mun sake masa suna.

Almajirin Ilimi, Sakkwato:

Ɗan'uwa, misalinka na tafiya da imani ya kama ni, ko da yake ni kaina ba na son wannan furucin kuma nakan hana ƙannena shi. Sai dai gaskiya ta wajabta mini in kawo hujjar da take kaina, tunda na tuna da ita bayan na aika saƙona na farko. Ya zo a cikin Buhari, daga Abdullahi ɗan Umar, cewa wasu mutum biyu sun zo daga gabas suka yi jawabi, mutane suka yi mamakin fasaharsu, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce lalle daga cikin bayani akwai sihiri. Malamai sun yi saɓani a kan ko yabo ne ko gargaɗi, amma babu wanda ya ce mutanen nan biyu bokaye ne. Wannan ya nuna aron kalmar sihiri domin siffanta maganar da take jan zukata abu ne da aka sani a Larabci. Na janye maganar hani. Abin da ban janye ba shi ne cewa mai fassara zuwa Hausa ya yi hattara, domin kalmar sihiri a kunnen Bahaushe ba ta yi sanyin da enchant ta yi a kunnen Bature ba. A garuruwanmu har yanzu ana raba aure da zumunci a kan zargin sammu.

Ma'aikaciyar Jinya, Manchester:

Ina gaishe da iyayena da yayyena. Ni ba masaniyar harshe ba ce, amma shekaruna da dama ina aiki a asibiti a nan Ingila, kuma zan iya faɗin yadda nake jin kalmomin nan a bakin masu su, wanda ya sha bamban da yadda aka koya mana a makaranta.

Fascinating ita ce ta yau da kullum, kuma ta fi kusa da ƙwaƙwalwa fiye da zuciya. Likita yakan kalli hoton ƙashin da ya karye ta wata irin hanya da bai saba gani ba ya ce "fascinating", ba don ya ji daɗin karayar ba, sai don abin ya ja hankalinsa yana son ya gane shi. Har suna da furucin morbid fascination, wanda suke faɗa wa halin mutanen da suke rage gudun mota su leƙa wurin da aka yi haɗari. A irin wannan wuri "burge" kuskure ce babba, domin Bahaushe ba ya cewa haɗari ya burge shi. Enchanted kuwa da wuya ka ji ta a hira, ta fi zama a littattafan yara da tallar wuraren shaƙatawa, inda za a ce enchanted forest ana nufin dajin aljanu na tatsuniya, kuma a nan ma'anar sihirin tana nan da ranta. Idan babban mutum ya ce wani ƙauye ko wata yarinya ƙarama ta yi enchanting ɗinsa, magana ce mai taushi irin ta dattawa.

Wadda nake so in ja kunnen kowa a kanta ita ce charming. A rubuce yabo ce, amma a bakin Baturen Ingila sau da yawa gatse ce. A shekarata ta farko wani majiyyaci ya yi mini tsawa a gaban mutane ya juya ya fita, sai abokiyar aikina ta bi shi da kallo ta ce "charming". Raina ya ɓaci ƙwarai domin na ɗauka yabonsa take yi, na yini ban yi mata magana ba, sai da yamma ta fahimtar da ni cewa tir take yi da rashin ladabinsa, ni take goya wa baya. Haka kuma idan aka ce wane charmer ne, akwai ƙanshin gargaɗi a ciki, kamar yadda mu muke cewa wane daɗin baki gare shi.

Malamin Makaranta, Damagaram:

Salama gare ku. Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da wata alaƙa ta dabam da wannan kalma, domin tun muna yara aka koya mana cewa idan an gabatar da kai ga baƙo ka miƙa hannu ka ce "enchanté", ma'ana na yi farin cikin saninka. Ana faɗinta a ofisoshin Yamai da Maraɗi da Damagaram kullum, limamai da malamai suna faɗi, kuma ban taɓa jin wanda ya tuna da sihiri ba. Wannan yana ƙarfafa maganar ɗan'uwa na Katsina cewa kalma takan tsufa ta zubar da haƙoranta. Amma ina gargaɗin 'yan'uwana na Nijar masu koyon Turanci da kada su ɗauki wannan al'ada su kai can, domin idan ka gaisa da Bature ka ce "enchanted" zai ji abin baƙo, abin da suke cewa shi ne "pleased to meet you". Kalma ɗaya ce daga tushe ɗaya, amma kowane harshe ya ba ta aikin da ya ga dama.

Tsohon Malamin Turanci, Zariya:

Ɗana na Katsina, ban ce asali shi ne hukunci ba, kuma na yarda da kai cewa mai magana ba ya tuna Rumawa idan ya buɗe baki. Abin da na ce shi ne asali yakan bar tabo, kuma 'yata ta Manchester ta tabbatar mini da shi ba tare da ta nufa ba. Me ya sa likitanta zai ce fascinating a kan karaya amma ba zai taɓa cewa enchanting ba? Saboda ɗaya daga kafewar ido ta fito, ɗaya daga waƙa. Mai koyo da ya san wannan ya sami igiyar da zai ɗaure kalmomin a ransa, maimakon ya haddace jeri ya manta.

Na bar mesmerize ɗazu domin ita labarinta dabam ne, sunan mutum ce. Franz Anton Mesmer likita ne Bajamushe, an haife shi a 1734, ya yi karatu da aiki a Vienna, sannan ya koma Paris a 1778. Yana da'awar cewa akwai wani ƙarfi marar ganuwa mai gudana a jikin halittu kamar na maganaɗisu, kuma cuta tana zuwa ne idan ya toshe, don haka yakan zaunar da marasa lafiya ya kafe su da ido yana shafa iska a kusa da jikinsu har wasu su sandare, wasu su faɗi suna shure-shure. A 1784 Sarkin Faransa Louis na 16 ya kafa kwamitin bincike wanda masanin kimiyya ɗan Amurka Benjamin Franklin da masanin sinadarai Antoine Lavoisier suke ciki, suka gwada mutane da idanu a rufe, suka yanke cewa babu wani ƙarfi, tunanin majiyyatan ne yake aiki. Da'awar ta rushe, sunan ya tsira. Daga baya wani likitan tiyata ɗan Scotland mai suna James Braid, wanda ya yi aiki a Manchester, garin da 'yata take zaune yanzu, ya sake nazarin abin a farkon shekarun 1840 ya yaɗa masa sabon suna daga hypnos, kalmar Girkanci mai nufin barci, daga nan aka sami hypnotize. Shi ya sa mesmerized ta fi dacewa da abin da ido yake bi yana maimaituwa, kamar harshen wuta, ko ruwa mai gangara, ko ƙafar ɗan ƙwallo, ko hannun mai saƙa. Mutum yakan yi shiru, ido a kafe, baki a sake.

Akwai kuma entranced, daga trance, yanayin da hankali yake barin mutum alhali idonsa biyu, irin wanda Bahaushe ya sani a wurin masu hawan bori idan garaya ta yi zafi. A kula da furucinta, domin entrance mai nufin ƙofar shiga ana danna gaɓar farko, entrance mai nufin ɗauke hankali kuwa, wadda entranced ta fito daga gare ta, ana danna ta biyu, ko da yake rubutunsu ɗaya ne.

Ɗalibin Nazarin Harshe, Katsina:

Baba, na karɓi maganar tabo, amma da sharaɗin cewa ba kullum yake fitowa ba, domin babu wanda yake jin ƙanshin bauta idan aka ce wasa ya yi enthralling. Bari in ƙara wani abu na nahawu da nake gani kullum a rubutun ɗalibai. Bahaushe yakan sa abin da ya ja hankali ya zama mai aikatawa, ya ce labarin ya burge ni, ya ƙayatar da ni, ya ɗauke mini hankali. Bature kuwa ya fi son ya fara da kansa ya ce "I was fascinated by the story". Wajen sauyawa daga wannan tsari zuwa wancan ne ɗalibanmu suke tuntuɓe su rubuta "I am fascinating", wanda yake nufin ni ne abin sha'awar, kamar yadda mai cewa "I am boring" yake shaida wa jama'a cewa shi ne mai gundurar mutane. Mai ƙarewa da ed shi ne wanda abin ya kama, mai ƙarewa da ing shi ne abin da ya yi kamun. Sannan interested da in take tafiya, fascinated da captivated da mesmerized sun fi tafiya da by, spellbound kuma ta fi zuwa tare da hold, a ce mai jawabi ya riƙe jama'a spellbound. Ga Yaya Mai Fassara, wannan yana nufin kada ta bi tsarin jimlar Turancin, ta juya ta ta ba labarin ko malamar matsayin mai aikatawa.

Ma'aikaciyar Jinya, Manchester:

Akwai wani reshe da ba a taɓo ba, na soyayya, kuma a nan ne kalmomin suka fi yin kama da namu. Bewitched tana ɗauke da witch, wato mayya, a fili, kuma idan aka ce mace ta yi bewitching ɗin namiji ana nufin ya daina ganin kowa sai ita. Besotted da infatuated kuwa ba yabo ba ne, dukkansu suna nuna son da ya rufe ido har ya kai ga wauta, kuma na ji iyaye a nan suna faɗinsu cikin damuwa idan ɗansu ya bi wadda ba su yarda da ita ba. Wannan shi ne daidai inda uwa a gida za ta ce an shanye mata ɗa ko an mallake shi. Bambancin shi ne uwar Bature ta san misali take yi, tamu kuwa sau da yawa da gaske take, har ta tafi neman karya abin. Don haka ina tare da Malam na Sakkwato a kan hattara: wanda ya fassara bewitched da "an shanye shi" a labarin soyayya ya saka zargin da marubucin bai yi ba.

Mai Fassara, Kano:

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Na koma kan babin da daren nan na sake shi. Inda aka ce yaran suna fascinated da hoton kada, na rubuta cewa hoton ya ɗauke musu hankali suna ta tambaya a kansa, tunda kada ba abin burgewa ba ne a wurin yaro, abin tsoro ne da yake son ya ƙara kallo. Enchanted na mayar da ita "labarin ya ƙayatar da su, daɗi ya cika su". Captivated ta zama "muryar malamar ta kama zukatansu". Wurin spellbound na rubuta cewa sun yi tsit kamar ruwa ya cinye su, wurin mesmerized kuma na ce sun saki baki suna bin hannunta da ido duk inda ya nufa. Ban yi amfani da sihiri ko sau ɗaya ba, "burge" kuma ta rage a wuri guda, a wata jimla da take da impressed.

Saura guda ɗaya da ban warware ba. A ƙarshen babin marubuciyar ta kira kusurwar karatu ta aji da an enchanted corner, kuma a nan ina jin da gangan take son ƙanshin tatsuniya, irin duniyar da dabbobi suke magana. Na rubuta "kusurwar Gizo da Ƙoƙi" na goge, na sake rubutawa, domin ina tsoron na yi nisa da abin da ta faɗa. Baba, Malam, me kuka gani?

Almajirin Ilimi, Sakkwato:

Ki bar Gizo da Ƙoƙi, 'yar'uwa. Duk malamin firamaren da ya karanta zai gane wace irin kusurwa ake so ya shirya, kuma babu uban da zai ji sunan ya hana ɗansa zama a wurin.

Tsohon Malamin Turanci, Zariya:

Ni kuma da "kusurwar tatsuniya" zan rubuta, 'yata, domin littattafan da za a ajiye a wurin ba duka ne na Gizo ba, kuma wata malamar za ta iya ɗauka an taƙaita mata abin da za ta karanta. Ki aika wa wadda ta ba ki aikin duka biyun, ki bayyana mata dalilin kowanne, ta zaɓa.